Daga Kushadasi zuwa Afisa a Bas Mai Lamba 14

Jirgin ruwan yawon buɗe ido yana da doka guda da ba ya karyawa: idan lokacin tashi ya yi, zai tashi. Fasinjan da ya sauka ya shiga gari a kan gaban kansa ya makara, sai dai ya nemi hanyar da zai cim ma jirgin a tasha ta gaba, kuma da kuɗin aljihunsa. Motar da kawai kyaftin yake jira ita ce wadda kamfanin jirgin ya shirya da kansa. Wannan tabbacin shi ne rabin abin da ake sayar wa mutum idan ya yanki tikitin zagaye da jagora, shi ya sa ma ya fi na direbobin tasi da ke bakin tasha tsada nesa ba kusa ba. Da ni kaɗai ne da wataƙila na yi ciniki da ɗan tasi. Amma ina tare da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda gwiwarsa ta hagu ba ta yarda da gudu ba, don haka muka biya.

Kushadasi tana gaɓar yammacin Turkiyya, a bakin Tekun Ajiyan. Mun wayi gari jirgi ya riga ya jingina, wani jirgin kuma da ya fi namu girma yana gefe yana ta zubo mutane. Daga taga ana hango wani ɗan tsibiri mai ganuwa da aka haɗa da gari da siririyar hanya. Ba a ba mu damar tsayawa kallonsa ba. Aka tara mu a zauren wasanni na cikin jirgi, aka manna wa kowa takarda mai lamba a ƙirji, aka riƙa kira rukuni-rukuni. Mu ne 14. A bakin ƙofa aka goga katinmu a na'ura don a san mun fita, muka ratsa ta tsakanin kantunan da aka jera a tashar ta yadda babu mai fita ba tare da ya wuce su ba, sai ga motoci a jere.

Jagorarmu mace ce da ta manyanta, gajeriya, da hular rana da katin shaidar aiki rataye a wuya. A Turkiyya ba kowa ke tashi ya ce shi jagora ne ba, sai da karatu da jarrabawa da lasisi, kuma a wuraren tarihi ana duba wannan katin. Ta raba mana wasu ƙananan rediyo da abin sawa a kunne, ta ƙirga mu sau biyu da yatsa, sannan ta ce wa direba a tafi. Da ta ga Kawu da sanda da farin gemu, sai ta tashi wani saurayi daga kujerar gaba ta zaunar da shi, tana kiransa Haji Amja, yadda Turkawa ke kiran dattijo. Da Turanci take bayani, ni kuma ina juya wa Kawu, ke nan kullum ina bayanta da jimla ɗaya ko biyu.

Abin da ta fara da shi jadawali ne, ba tarihi ba. Kusan kilomita 20 ne zuwa kufan Afisa. Za mu shiga ta ƙofar sama mu fita ta ƙofar ƙasa, domin garin a kan gangare yake, mota za ta zagaya ta jira mu a can. Babu bayan gida tsakanin ƙofofin biyu. Wanda ya ɓace kada ya koma baya, ya bi gangara kawai. Bayan nan akwai ginshiƙin haikalin Artemis, allahiyar da mutanen garin suka bauta wa, da abincin rana, da wurin saƙar darduma. Wannan na ƙarshen ta faɗe shi da sauri.

Kawu ya taɓa ni. “Tambaye ta kogon fa.”

Tun da ya ji jirgin zai tsaya a nan yake maganar kogon As'habul Kahfi, don an gaya masa yana kusa da Afisa. Na tambaya. Ta ce yana nan, a bayan dutsen da filin wasan kwaikwayon garin ya jingina da shi, amma ba ya cikin tsarinmu na yau. Ta ce in bar ta ta yi tunani.

Mun isa ƙofar sama rana ta fara zafi, motoci sun fi ashirin a gabanmu. Abu na farko da ta nuna mana ba gunki ba ne, tarin bututun yumɓu ne a gefen hanya, waɗanda suka riƙa kai ruwa gidaje da wuraren wanka shekaru kusan dubu biyu da suka wuce. Daga nan ta ɗauko labarin garin a gajarce. Girkawa ne suka kafa shi. Wani janar ɗin Iskandari mai suna Lisimakus ya matso da shi nan tsakanin duwatsu biyu wajen shekara ta 290 kafin Miladiyya. A zamanin Sarki Agustus ya zama hedikwatar lardin Asiya na daular Rumawa, yana cikin manyan biranen daular. Jagorori da yawa kan ce mutum 250,000 ne suka zauna a cikinsa. Tamu ta faɗi adadin, ta ƙara da cewa masu binciken yanzu suna ganin an yi ƙari. Daga wannan lokacin na fara sauraronta da kyau.

Babban titin garin yana gangarawa ne daga wata ƙofa mai ɗauke da siffar Hirakil, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, zuwa ɗakin karatu. An shimfiɗe shi da farin dutse, ƙafafun mutane sun goge shi ya yi santsi, ga shi yana mayar da hasken rana cikin ido. Kawu ya riƙe hannuna da ɗaya, sanda a ɗayan. Rukunoni sun cika titin, kowanne da jagoransa ɗaga da allo ko laima, Jamusanci na shiga Sifaniyanci, Sifaniyanci na shiga Japananci. Kyanwoyi kuwa sun miƙe a kan karyayyun ginshiƙai ko a jikinsu, wasu fasinjojin sun fi ɗaukar hotonsu a kan na Sarkin Rum Hadiriyan da haikalinsa. Jagorarmu ta san kowace inuwa. Ba ta tsayar da mu a gaban abin da take bayani a kai, sai ta ja mu ƙarƙashin wata bishiya ko jikin wani bango ta gama magana, sannan ta ce a je a gani. Na lura kuma tana duba jagoran da ke gaba da mu, idan ya tsaya sai ta ƙara labari, idan ya matsa sai ta yanke.

Wurin da kowa ya farfaɗo shi ne makewayin jama'a. Dogon benci ne na dutse a jikin bango, an huda shi rami-rami kusa da juna, babu katanga tsakanin mai zama da maƙwabcinsa, ruwa yana gudana a ƙasa yana kwashe ƙazanta, ga wata 'yar kwata a gaban ƙafafu. Kawu ya daɗe yana kallo. “Wato sun iya jawo ruwa daga bayan dutse, amma ba su iya yin labule ba,” in ji shi. Ban fassara mata wannan ba.

Daura da wurin akwai wani babban rufi na zamani da ya lulluɓe gidajen attajiran garin, waɗanda aka gina hawa-hawa a jikin tudu, da zane a bango da ado na ƙananan duwatsu a daɓe. Tikitinsu daban ne, kuma tsarinmu bai ƙunshe su ba. Ta faɗa mana gaskiya cewa a ganinta su ne abin da ya fi komai kyau a Afisa, amma matakalarsu da yawa, kuma shigar da mutum arba'in ciki da fito da su zai ci minti arba'in da ba ta da su. Muka wuce muna leƙe ta jikin rufin.

Sai ɗakin karatun Selsus. Tun daga saman titi ake hango fuskarsa, hawa biyu, ginshiƙai bibbiyu, launin zuma. An gina shi a farkon ƙarni na 2 Miladiyya. Wani mai suna Akila ne ya gina don tunawa da mahaifinsa Selsus, wanda ya yi gwamnan lardin, kuma akwatin gawar uban yana ƙarƙashin ginin. An ƙiyasta ya ɗauki naɗaɗɗun littattafai wajen 12,000, an ajiye su a cikin tagogin bango, bangon kuma riɓi biyu da rata a tsakani saboda laima. Wuta ta cinye cikinsa a ƙarni na 3, fuskar ta zube daga baya, ta kwanta a ƙasa ɗaruruwan shekaru. Abin da muke kallo a tsaye masu tonon kayan tarihi ne suka tayar da shi dutse bayan dutse tsakanin 1970 da 1978. 'Yan Ostiriya ke haƙa a Afisa tun 1895, kuma mutum-mutumin mata huɗu da ke tsaye a fuskar ginin kwafi ne, na ainihin suna Biyana, babban birnin Ostiriya. Da ta zo nan ba ta ce komai a kai ba, ta ɗaga gira kawai.

Akwai dabarar da ta nuna mana wadda da kaina ba zan taɓa ganowa ba. Filin da aka ba maginin matsattse ne, tsakanin wasu gine-gine. Sai ya sa ginshiƙan tsakiya suka ɗan fi na gefe tsawo, ya ɗan kumbura daɓen da suke kai, ta yadda mai kallo daga ƙasa zai ga ginin ya fi yadda yake faɗi da tsayi. Ta ce mu matsa gefe mu dubi layin matakalar. Na duba, ga shi kuwa. Irin wannan ne nake ganin ya halatta kuɗin jagora, domin allon bayani yana nan a kafe amma ba ya kama hannunka ya ce tsaya nan.

Minti goma sha biyar ta ba mu a wurin. Biyar sun tafi wajen jiran wasu su gama hoto, biyar wajen taimaka wa Kawu ya hau matakala tara ɗin nan ya sauko. Ciki ɗaki ne guda babu rufi, ƙanƙane idan aka gwada shi da fuskarsa.

Filin wasan yana gaba kaɗan, an sassaƙa shi a jikin dutse, yana ɗaukar mutum wajen 25,000. Nan ne, a ruwayar Kiristoci, maƙeran azurfa masu ƙera gumakan Artemis suka tayar da tarzoma saboda wa'azin Bulus yana kashe musu kasuwa. Wasu daga cikin rukuninmu sun zo ne don wannan, na ga wata tsohuwa ta buɗe ƙaramin littafinta tana karantawa a hankali. Ni abin da ya tsaya mini shi ne titin da ya miƙe daga bakin filin, mai faɗi, da ginshiƙai hagu da dama, tsawon kusan rabin kilomita. Jagorar ta ce wannan ita ce hanyar tashar jiragen ruwa, a da har fitilu ake kunna mata da dare. Na bi ta da ido har ƙarshe, babu ruwa, sai ciyayi da fadama. Kogin da Turkawa ke kira Kucuk Mendares ya yi ta kwaso laka daga tuddai yana zubawa a bakin tekun. Sarakunan Rum sun sha sa a yashe, lakar tana dawowa. Ruwa ya ja baya, fadama ta kawo sauro da zazzaɓi, fatake suka sauya tasha, mutane suka koma kan tudun da garin Selcuk yake a yau. Yanzu teku tana nesa da kufan da fiye da kilomita 5, shi ya sa jirginmu ma ya tsaya a Kushadasi.

A ƙofar ƙasa 'yan kasuwa suka tare mu, masu katin hoto, masu tsofaffin kuɗin da aka ƙera jiya, da wani kanti da ya rubuta ƙarara cewa agogunansa jabu ne na gaske. Aka ƙirga mu, mutum ɗaya babu. Muka zauna cikin mota minti goma kafin a gano shi a layin bayan gida. Babu wanda ya yi masa magana da ya shigo, amma kowa ya dubi agogo.

Da motar ta fita, jagorar ta yi wa direba magana da Turkanci, ya karkata ta wata ƙaramar hanya da ta bi gindin dutsen, ya rage gudu. Ta zo ta tsaya kusa da Kawu ta nuna masa ta taga: wani tsagi a jikin dutse, da rusassun bangayen jan bulo da ramuka, an kewaye da waya. Ta ce nan ne Kiristocin Afisa suka ɗauka samarin nan sun ɓuya a zamanin Sarki Dakiyanus, wanda ya yi mulki daga 249 zuwa 251, daga baya aka gina coci a wurin, mutane suka yi ta son a binne su kusa, har kaburbura suka kai ɗaruruwa. Ta ƙara da cewa a Turkiyya kaɗai Tarsus da Afshin ma suna cewa kogon nasu ne, akwai kuma wani kusa da Amman a Jodan. Duka tsayuwar ba ta kai minti biyu ba. Na ɗauka Kawu zai ji haushi. Sai ya ce, “Ai Alƙur'ani bai faɗi garin ba. Ko yawansu ma cewa aka yi kada a yi ta jayayya. Shekarun kawai aka faɗa, ɗari uku da ƙarin tara.” Ya ce in yi mata godiya.

Haikalin Artemis yana cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, an ce yana da ginshiƙai 127. Wani mutum ya banka masa wuta a shekara ta 356 kafin Miladiyya don kawai sunansa ya shiga tarihi, aka sake gina shi, daga baya ya rushe ya nutse cikin laka har aka manta inda yake, sai da wani Baturen Ingila, John Turtle Wood, ya gano shi a 1869 bayan shekaru yana tono. Abin da ya rage ginshiƙi ne guda da aka harhaɗa daga guntayen da ba su ma dace da juna ba, shamuwa ta yi sheƙa a kansa. Minti biyar suka ishe shi. Amma daga wurin, idan ka ɗaga kai, za ka ga masallaci mai kubba biyu, sama da shi kangon cocin Yahaya, almajirin Annabi Isa, da Sarki Justiniyan ya gina a ƙarni na 6, can ƙoli kuma ganuwa. Kawu ya tambayi ko za a je masallacin. Ba ya cikin tsari.

Wurin dardumar kuwa yana ciki, kuma awa guda cur aka ware masa, fiye da abin da ɗakin karatu da filin wasa suka samu a haɗe. Ba zan ce babu abin gani ba. Wata mata ta jefa ƙwayayen tsutsar alharini cikin ruwan zafi, ta kamo bakin zarensu da ɗan tsintsiya ta naɗe a kan dabaran, wata kuma tana zaune gaban masaƙa tana ƙulla zare ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta zagaya shi a kan zaren tsaye biyu, irin ƙullin da Turkawa ke alfahari da shi. Daga nan aka shigar da mu wani zaure, aka rufe ƙofa, aka kawo shayi a ƙananan kofunan gilashi, samari suka fara warware dardumomi suna wurga su ƙasa suna juyawa don launi ya sauya. Kowane ma'aurata aka haɗa su da mai talla guda. Sanannen abu ne cewa kamfanonin zagaye suna da kamasho a kan abin da aka saya, wani lokaci da jagora da direba ma. Da na raɗa wa Kawu haka, ya ce, “Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.”

Jagorar ce ta zo da kanta ta tsuguna kusa da shi. Ta ce ta san ba darduma ta kawo Haji Amja ba. Akwai tasi a waje, direban ta san shi, masallacin bai fi minti biyar ba. Sharaɗinta ɗaya: ƙarfe biyu da kwata mu kasance a bakin mota, domin idan muka wuce haka ita za a tuhuma, kuma ba ta da ikon tsayar da mutum arba'in saboda biyu. Ta rubuta lambar wayarta a bayan tikitina.

Masallacin Isa Bey an gama shi a 1375, zamanin masarautar Aidin, kafin Usmaniyawa su haɗiye yankin, kuma maginin mutumin Dimashƙa ne. Ibn Battuta ya ratsa garin a farkon shekarun 1330, ke nan bai tarar da shi ba; masallacin da ya yaba shi ne cocin can na sama da aka mayar wurin salla. Ana hawa matakala a shiga ta wata doguwar ƙofa mai sassaƙa, sai farfajiya mai faɗi, da wurin alwala a tsakiya, da duwatsun kaburbura masu rawani an jingina su a jikin bango. Hasumiya ɗaya ta rage, ita ma kanta ya karye. A ciki manyan ginshiƙai huɗu na dutse ne ke ɗauke da rufin, kuma daga kufan Afisa aka ɗauko su. Kawu ya dafa ɗaya ya ce ashe garin bai mutu duka ba, an kwaso wani sashensa an kawo nan. Muka yi alwala da ruwa mai sanyi, muka yi Azahar muka haɗa da La'asar a matsayinmu na matafiya. Ban da mu sai wani dattijo a kusurwa da carbi, da wasu 'yan mata biyu masu ɗaukar hoto da suka aro mayafi a bakin ƙofa. Direban tasi ya leƙo yana nuna wuyan hannunsa tun Kawu bai gama addu'a ba.

Mun iso da sauran minti uku. Mutum biyu sun sayi darduma, za a aika musu gida, suna ta nuna wa juna takardar shaida. Sauran sun fito da fuskar wanda aka tsare. A hanyar komawa rabin motar barci suke, jagorar ta zauna a kan matakala kusa da direba tana cin wani abu daga leda, abincinta na farko tun safe, domin lokacin da muke cin namu tana waya da ofis. Kusa da tasha ta miƙe ta bi kujera-kujera tana karɓar rediyonta, ta ƙirga su kamar yadda ta ƙirga mu, ɗaya ya ɓace, aka same shi a ƙarƙashin kujerar mutumin nan na layin bayan gida.

A bakin ƙofar tasha ta tsaya, don iyakarta ke nan. Mutane na wucewa suna sa mata ɗan abin hasafi a hannu, wasu Yuro, wasu Dala, wasu kuma suka sunkuyar da kai suka wuce. Kawu ya ciro nasa ya ce in ƙara a kai, ya sa hannu a ƙirji ya yi mata addu'a doguwa da Hausa, ita kuma ta amsa da amin a daidai inda ya kamata. Na tambaye ta ko gobe hutu. Ta ce jirage uku ne za su shigo, an ba ta bas mai lamba 6.